Ginshiƙan awo da masu neman su

1. Wani ɗan gini bisa tsauni

A ƙasar Biritaniya, wadda mutane da yawa suke kira Ingila, akwai tuddai da tsaunuka masu yawa. In mutum ya hau ɗaya daga cikinsu har ƙololuwa, sau da yawa yakan tarar da wani ɗan gini na siminti tsaye shi kaɗai. Tsawonsa kamar mita 1 da santimita 20 ne. Yana da gefe huɗu, gindinsa kuma ya fi kansa faɗi. Ba shi da ƙofa, ba shi da taga. Ba kabari ba ne, ba kuwa alamar iyakar gona ba ce.

Bisa kansa akwai wani farantin tagulla mai hannuwa uku. A gefensa, kusa da ƙasa, akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta lamba a kai. Kowane gini da lambarsa.

Wannan gini shi ne ginshiƙin awo. Masu awon ƙasa ne suka gina shi, don su samu su zana taswira. A kan taswira ana nuna wurinsa da ɗan alwatika mai ɗigo a tsakiya. A yau masu awon ƙasa ba su cika amfani da shi ba. Amma akwai mutane, manya da yara, da suka mai da neman ginshiƙan nan wasa. Kafin a gane wasan, sai an san aikin da ginshiƙan suka yi.

2. Alwatika mai auna ƙasa

Ana iya auna ɗaki da igiya. Ana iya auna gona da taki. Amma ƙasa guda, mai koguna da dazuzzuka da duwatsu, babu igiyar da za ta auna ta. Don haka masana suka nemo dabara, suka same ta a cikin alwatika.

Alwatika yana da gefe uku da kusurwa uku. In an haɗa kusurwoyinsa uku, kullum digiri 180 suke bayarwa. In aka san tsawon gefe ɗaya, aka kuma san kusurwoyi biyu da ke ƙarshensa, to, ana iya gano tsawon sauran gefen biyu ba tare da an taka su ba.

Ga misali. Akwai wuri biyu a fili, A da B. An auna tsakaninsu, an samu mita 1 000. Can nesa, a ƙetaren gulbi, akwai wani tudu, C. Mai awo ya tsaya a A, ya dubi B, ya juya ya dubi C. Ya samu kusurwa ta digiri 60. Ya koma B ya yi haka, ya samu digiri 70. Sai ya ɗauko takarda, ya ja layi na santimita 10 a madadin mita 1 000. Ya zana kusurwoyin nan biyu a ƙarshen layin, ya ja layuka biyu har suka haɗu. Inda suka haɗu, nan ne C. Da ya auna, daga A zuwa C milimita 123 ne, wato kamar mita 1 230. Daga B zuwa C milimita 113 ne, wato kamar mita 1 130. Ya san nisan tudun, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa ruwa ba.

Yanzu an san tsawon gefen B zuwa C. Sai a ɗora wani alwatika a jikinsa, a ɗora wani a jikin wancan. Da haka alwatikai suke bazuwa kamar ragar kamun kifi, har su rufe ƙasa duka.

Dabarar tana bukatar abu biyu. Na farko, sai wuraren sun hangi juna. Shi ya sa ake zaɓen tuddai da tsaunuka. Na biyu, sai an sa alama wadda ba ta gusawa, don wanda ya zo bayan shekaru ya tsaya daidai inda na farko ya tsaya.

3. Inda mita ta samo asali

Mitar da tela yake auna yadi da ita, daga irin wannan awo ta fito. A shekarar 1792, wasu masanan taurari biyu na Faransa, Delambre da Méchain, suka fara auna tazarar da ke tsakanin garin Dankerk, a arewacin Faransa, da garin Barsalona, a ƙasar Sifen. Tazarar ta ɗara kilomita 1 000. Suka riƙa hawa tsaunuka da hasumiyoyi, suka jera alwatikai sama da 100. Lokacin ana juyin juya hali a Faransa. A wasu garuruwa mutane suka ɗauke su ƴan leƙen asiri, har aka riƙa tsare su. Ba su gama ba sai a 1798.

Da awon nan aka yi lissafin nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya biyu. Aka raba nisan kashi miliyan 10, aka ɗauki kashi ɗaya, aka kira shi mita. A 1799 aka ƙera sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, aka ajiye ta a Paris. Shi ya sa zagayen duniya yake kusan kilomita 40 000.

4. Aikin shekara 26

A Biritaniya, hukumar da ke zana taswira sunanta Ordnance Survey. Wajen shekarar 1935 ta ga cewa tsohon awon ƙasar bai isa ba. Garuruwa sun faɗaɗa, an yi sababbin hanyoyi, taswirar wani yanki kuma ba ta haɗuwa daidai da ta maƙwabcinsa. Sai ta yanke shawarar sake awon daga farko. Wani hafsan soja masanin lissafi, Martin Hotine, shi ya ja ragamar aikin, shi ne kuma ya tsara siffar ginshiƙin.

Ranar 18 ga watan Afrilu na 1936 aka yi awon farko, a kan wani ginshiƙi da ke kusa da ƙauyen Cold Ashby, a tsakiyar Ingila. Yaƙin duniya na biyu ya tsai da aikin. Ba a kammala shi ba sai a 1962. An gina ginshiƙai kamar 6 500.

Aikin yana da wuya ƙwarai. Mota ba ta hawa tsauni. Siminti da yashi da kayan gini, sai a bayan doki ko a bayan mutum. Ana haƙa rami mai zurfi, a binne wata alama a ciki, sannan a gina ginshiƙin daidai bisa kanta. Ta haka, ko ginshiƙin ya rushe, ana iya gano wurin.

In ginshiƙi ya bushe, sai a kawo na'urar auna kusurwa. Sunanta tiyodolit. Madubin hangen nesa ne da aka ɗora bisa wani faifai mai digiri. Ana ɗaure ta a kan farantin tagullar nan mai hannuwa uku, don kada ta motsa ko kaɗan. An tsara wuraren yadda daga kowane ginshiƙi, in sama ta washe, za a hangi wasu aƙalla biyu. Sau da yawa da dare ake awon. Wasu ma'aikata su kunna fitila a kan ginshiƙi mai nisa, mai awo ya saita madubinsa a kan hasken. In hazo ya rufe, sai su zauna cikin tanti, cikin sanyi da ruwan sama, suna jira, wani lokaci har kwanaki.

Ginshiƙin da ya fi kowane tashi sama yana bisa tsaunin Ben Nevis, a yankin Sikotilan. Tsaunin yana da mita 1 345 daga fuskar teku.

5. Taurarin ɗan adam sun karɓi aiki

Daga baya aka samu wata hanya ta sanin wuri. Ƙasar Amurka ta harba taurarin ɗan adam, suna zagaya duniya a nisan kilomita 20 000 da ɗoriya. Ana kiran tsarin GPS. Kowane tauraro yana aiko da saƙo ba dare ba rana. In ƴar na'ura a hannun mutum ta kama saƙon taurari huɗu, sai ta yi lissafi, ta faɗi inda yake.

Tana faɗin wurin da lambobi biyu. Lamba ta farko tana nuna nisa zuwa arewa ko kudu. Ta biyu tana nuna nisa zuwa gabas ko yamma. Misali, birnin Yamai yana wajen digiri 13 da minti 31 arewa, digiri 2 da minti 7 gabas. Kowane wuri a duniya yana da nasa lambobin.

Da wannan, masu awon ƙasa ba su da bukatar hango tsauni daga tsauni. Hukumar taswira ta Biritaniya ta kafa tashoshi sama da 100 masu karɓar saƙon taurari. Yawancin ginshiƙan suka zama ba su da aiki.

Da farko sojojin Amurka suna gurɓata saƙon da gangan. Na'urar farar hula takan yi kuskure har na mita 100. A farkon watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta daina gurɓatawar. Cikin dare ɗaya kuskuren ya ragu, ya koma kamar mita 10.

6. Bokiti cikin daji

Ranar 3 ga watan Mayu na 2000, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada na'urarsa. Ya ɗauki baƙin bokiti na roba, ya zuba littattafai da ƴan kayayyaki a ciki, ya haɗa da ɗan littafin rubutu da fensir. Ya ɓoye bokitin cikin daji a jihar Oregon. Sannan ya sanar da lambobin wurin ta intanet. Ya ce wanda ya gano bokitin ya ɗauki abu, ya bar abu, ya rubuta sunansa a littafin. Cikin ƴan kwanaki mutane suka gano shi.

Haka wani sabon wasan ɓuya ya fara. Ana kiransa jiyokashin. Sunan kalma biyu ne aka haɗa. Ta farko tana nufin ƙasa da harshen Girka. Ta biyu ƴar uwar kalmar Faransanci ce, «cacher», wato ɓoyewa. Wasan ya yaɗu har ya kai ƙasashe sama da 190, abubuwan da aka ɓoye kuma sun wuce miliyan 3.

Masu wasan nan ba su daɗe ba suka lura da alamun awo. Alamun suna nan tun da daɗewa. An san lambobin wurinsu daidai, fiye da na kowane bokiti. Suna kuma wuraren da sai an sha wuya ake kaiwa. Sai wasu suka riƙa ɓoye akwatinsu kusa da ginshiƙi. Wasu kuwa suka ce ginshiƙin kansa ya isa abin nema.

7. Gasar neman ginshiƙai

Kowa da irin gasar da yake sa wa kansa. Wani ya ce zai ziyarci duk ginshiƙan da ke yankinsu. Wani ya ce sai ya kai ɗari. Wata ta ce za ta bi waɗanda ke bisa manyan tsaunuka kaɗai. Babu kuɗi a gasar, babu kofi.

Mai nema yakan fara da taswira. Ya nemi ɗan alwatika mai ɗigo, ya duba hanyar da ta fi kusa, ya rubuta lambobin wurin. Sannan ya ɗauki ruwa da abinci da rigar sanyi, ya kama hanya. Na'ura tana nuna masa inda zai dosa, amma ba ta hawa dutse a madadinsa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wani ginshiƙin ana hango shi tun daga ƙasa, amma sai an yi sa'o'i kafin a taɓa shi. Wani kuwa ƙaya ta rufe shi. Na'ura ta ce an iso, ido bai ga kome ba. Nan sai haƙuri da lura.

In ya iso, sai ya karanta lambar da ke jikin allon ƙarfe, ya rubuta ta da ranar da ya zo. Ya ɗauki hoto. Ya rubuta halin da ya tarar da ginshiƙin: yana nan lafiya, ko ya tsage, ko ya faɗi, ko babu shi.

Wannan rubutu yana da amfani, domin ginshiƙan suna raguwa. Masu fasa dutse sun cinye wasu tuddai. An gina gidaje da hanyoyi a wurin wasu. Teku ta zaizaye gaɓa, wasu suka faɗa ruwa. Aradu ta farfasa wasu. Masu nema su ne suke fara ganin ɓarnar, su sanar. Akwai kuma waɗanda suke share ciyawa a gindin ginshiƙi, su shafa masa farin fenti.

Wani Bature mai suna Rob Woodall ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ya shafe shekaru fiye da goma yana bin ginshiƙan Biritaniya ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu na 2016 ya taɓa na ƙarshe, bisa tudun Benarty a Sikotilan. Ginshiƙan da suka rage a lokacin 6 190 ne, ya kuma ziyarce su duka. Sannu ba ta hana zuwa.

Wasan yana da dokoki:

– Ba a shiga gonar mutum ko filin soja sai da izini.
– Ba a tona alamar awo, ba a girgiza ta, ba a yi mata rubutu.
– Ba a barin shara a wurin.
– Ba a rubuta «na gani» in ba a gani ba. Babu alƙali bisa tsauni. Gaskiyar mai nema ita ce alƙali.

8. Alamun awo a wasu ƙasashe

Kowace ƙasa da irin alamarta. A Amurka, yawanci ɗan faifan tagulla ne kamar tafin hannu, a manne cikin dutse ko siminti. An rubuta gargaɗi a jikinsa cewa wanda ya ɓata shi zai biya tara. A Faransa, sau da yawa guntun dutse ne mai gefe huɗu, a kafe cikin ƙasa, da haruffan IGN a jikinsa. Wata doka ta shekarar 1943 ta hana a lalata shi.

Nijar ma an auna ta. Faɗinta murabba'in kilomita 1 267 000 ne. Tun wajen shekarun 1950, hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan ƙasar daga jirgin sama, ta zana taswirori. A kan da yawa daga cikinsu, santimita 1 yana madadin kilomita 2. Hoton sama shi kaɗai bai isa ba, sai da ma'aikata suka auna wurare a ƙasa, suka bar alamu. Daga irin wannan awo aka san cewa tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijar yana cikin duwatsun Bagzan, a yankin Ayar, da mita 2 022. Nijar tana da tata hukumar taswira a Yamai.

Akwai kuma ƙananan alamu da kowa ya sani. Su ne guntayen simintin da mai awo yake kafawa a kusurwoyin fili in an yanka unguwa. In aka tuge ɗaya, maƙwabta sukan yi rigima, har a kai gaban hukuma. Alamar awo ƙarama ce, amma mutane da yawa sun dogara da ita. Babu zinariya a ƙarƙashinta. Darajarta ita ce ta zauna inda aka sa ta. In ta gusa ko da taki ɗaya, ta zama banza.

Yaron da ke son ganin irin waɗannan alamu ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan tafi tare da malami ko wani babba, da safe, da ruwan sha. Yakan yi hattara da macizai da kunamu cikin duwatsu. In ya ga wani ƙarfe a ƙasa wanda bai san shi ba, ba ya taɓa shi. Yakan ja da baya, ya faɗa wa manya.

Kalmomi

taswira : la carte
alwatika : le triangle
kusurwa : l'angle
digiri : le degré
ƙololuwa : le sommet
ginshiƙi : le pilier
alamar awo : la borne
mai awon ƙasa : le géomètre
tauraron ɗan adam : le satellite

Tambayoyi

1. Mene ne ginshiƙin awo? Su wa suka gina shi?
2. Don me ake kafa ginshiƙan awo bisa tuddai da tsaunuka?
3. Alwatika yana da kusurwa ta digiri 60 da ta digiri 70. Ta ukun digiri nawa ce?
4. Me ya sa masu awo suke kunna fitila da dare?
5. Me Dave Ulmer ya ce wanda ya gano bokitinsa ya yi?
6. An gina ginshiƙai kamar 6 500. A 2016 saura 6 190. Kamar nawa suka ɓace? Ku faɗi dalilai uku.
7. A kan taswira, santimita 1 yana madadin kilomita 2. Tsakanin gari biyu akwai santimita 15. Kilomita nawa ne?
8. Don me bai kamata a tuge alamar awo ba?

Aiki

1. Ku fita filin makaranta. Ku kafa turaku biyu, A da B, da tazarar mita 10 tsakaninsu. Ku zaɓi wata bishiya, ku kira ta C. Ku shimfiɗa takarda a A, ku ja layi zuwa B, ku ja wani zuwa C. Ku yi haka a B. Ku auna kusurwoyin. A cikin aji, ku zana alwatikan, santimita 1 a madadin mita 1. Ku faɗi nisan bishiyar. Sannan ku koma ku auna da igiya, ku gani ko kun yi daidai.

2. Ku kasu kashi biyu. Kashi na farko su ɓoye gwangwani mai ƴar takarda a ciki. Su rubuta kwatance, kamar haka: daga ƙofar aji, taki 20 gabas, taki 12 arewa. Kashi na biyu su nemo shi, su rubuta sunayensu, su mai da shi inda yake.

3. Ku rubuta jimla biyar da Hausa a kan wani tudu ko dutse da ke kusa da garinku. Ku juya biyu daga cikinsu zuwa Faransanci.